A Mayar wa Umma Kafar Allurarta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Allura Mai Tambarin Beguwa, uban masu tsini, jagoran masu huda, wanda hajarsa ta shiga kowane gida ba tare da ta yi sallama ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda talaka ke yi wa babban da bai taɓa gani ba amma ya sha jin tsininsa a yatsa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da injinan da ke huda muku allura, in har suna nan suna hudawar.

Sunana ba zai amfane ka da komai ba. A gida Auta ake ce mini. Aikina ɗaure tsofaffin takardu a wani sito inda ake sayensu a kan sikeli, kuma a nan na yi karatun da ban samu yi a aji ba. Duk littafin da ya biyo ta hannuna sai na karanta shi kafin in ɗaure. Yawancinsu shafukan ƙarshe sun yage, shi ya sa na san farkon abubuwa da yawa a duniya, ban san yadda suka ƙare ba. Na faɗa maka wannan ne don in ka ji bakina ya yi kaifi, ka san ladabin rubutu ba koya mini aka yi ba, tsintarsa na yi a cikin ƙura.

Ba don kaina na rubuto ba. Mahaifiyata ce ta sa ni, muna ce mata Umma. Tela ce, kuma tsohuwar kwastomarku, ko da yake in ta ji na sa kalmar "tsohuwa" kusa da sunanta, ko a kan wace magana ce, ba zan kwana a gida ba. A shagon da take aiki akwai kekunan ɗinki a jere, amma ita ba ta cika hawa keke ba. Ita ce mai gama aiki da hannu: kalmasa, maɓalli, jera duwatsun ado ɗaya bayan ɗaya a wuyan riga. Kujerarta tana bakin taga, inda haske ya fi kyau a duk shagon, kuma tun kafin a haife ni take zaune a wurin. Kujerar har ta ɗauki siffarta. Wani in ya zauna a kai sai ya ji kamar takalmin wani ya sa.

Shekarunta kuwa, ranka ya daɗe, arba'in da ɗoriya ne. Tun ina firamare take arba'in da ɗoriya. Yayarmu ta fari tana dab da riskarta, mun zuba ido mu ga wadda za ta kauce wa wata.

Umurnin da ta ba ni gajere ne. Ta ce, "Auta, ka rubuta musu, ka ce na gano su." To, ga shi na rubuta. Ta gano ku. Ga kuma abin da ta gano, da abin da ni na gano a kan hanyar kawo muku.

Na ɗaya. Umma ta ce kun rage kafar allura. Ta ce ba rana ɗaya kuka yi ba, don kun san za a kama ku. Kaɗan-kaɗan kuka riƙa ragewa, yadda masu sabulu ke yi wa sabulu. Ta ce a da kafar allurarku har iska na wucewa ta ciki, mutum kan leƙa ya hango mai zuwa, zare kuma da kansa yake shiga kamar ya san gida. Yanzu kuwa sai ta lashi zaren, ta murza, ta yanke bakinsa, ta sake lasa, ta nufi kafar da shi, shi kuma ya wuce ta gefe kamar sun yi faɗa. Ni mai son gaskiya ne, sai na ɗauko wata tsohuwar allurarku daga gwangwanin da kakata ta bari, na kara ta da sabuwa a gaban taga. Kafarsu ɗaya, ba ragi ba ƙari. Na kai wa Umma wannan sakamako cikin girmamawa. Ta juya su a tafin hannunta, ta girgiza kai, ta ce, "Ashe har tsofaffin sun bi sun rage." Saboda haka nake tambaya cikin ladabi: ta ina ma'aikatanku suka shiga gidanmu? Ta yaya suka buɗe gwangwanin da ni kaina sai na sa cokali nake buɗe shi, suka matse kafar allura ɗaya bayan ɗaya, suka fita ba wanda ya ji motsinsu? In kuna da masu irin wannan ƙwarewa, me ya sa kuka tsaya a sana'ar allura?

Na biyu. Kada ka ji an ware ka, ranka ya daɗe, ba kai kaɗai Umma ta gano ba. Ku ƙungiya ne. Masu buga jarida sun ƙanƙance rubutu. Masu kwalin magani sun koma rubuta umurni da ƙafar sauro. Magina sun dawo a ɓoye sun ƙara wa matakalar gidanmu tsayi, sun kuma ƙara mata yawa, shaidarta ita ce gwiwarta ta hagu, wadda ke yin ƙara irin ta tsohuwar ƙofa duk sanda za ta tashi. Masu yin tef ɗin awo sun matse lambobinsu, shi ya sa in ta auna ƙugunta take ganin lambar da ba tata ba. Macen da ke iya kallon kwastoma daga bakin ƙofa ta faɗi awonta ba ta taɓa ta ba, ita ce ke riƙe da tef a cikinta tana cewa, "Wannan na jabu ne."

Sai masu fanka. Akwai wani zafi da ke taso mata daga ƙirji ba sanarwa, ko da ana tsuga ruwan sama. Sai ka ga ta tashi ta bubbuɗe tagogi, ta kunna fanka har ƙarshe, ta ɗauki murfin tukunya tana fifita, ta kore mu daga gabanta wai numfashinmu ne. Baba na gefe ya ƙudundune a bargo, haƙoransa na kaɗawa, bai isa ya ce uffan ba. Kafin ka gyara zama ta juyo ta ce, "Wa ya buɗe tagar nan? So ake a kashe ni?" Mu kuma sai mu kalli juna, mu zaɓi wanda zai amsa laifin. Yawanci ni ne, don ni ne auta, ba ni da na ƙasa da zan tura wa.

Akwai kuma wanda ke kwashe mata abin da ta shiga ɗaki ɗauka. Shi har yau ba ta gano kamfaninsa ba. Za ta shigo da sauri, ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Me na zo ɗauka?" da muryar wanda ya san mu muka ɓoye amsar. Ta taɓa tayar da gidan gaba ɗaya neman almakashi, aka ɗaga katifa, aka zazzage kwandon shara, almakashin yana rataye a wuyanta yana lilo. Amma ka tambaye ta abin da na fasa ina ɗan shekara huɗu, za ta faɗa maka launinsa da inda ɓaraguzansa suka faɗi. Wannan wane irin tsari ne? Wa ke zaɓar abin da za a kwashe da abin da za a bari?

Na uku. Saboda ku, na zama ma'aikacin da ba shi da suna a kowace takarda. Kullum da safe kafin in tafi sito, Umma kan ajiye mini kwalinku da zaruruwa, in zauna in zura, launi-launi, in sossoke su a jere a kan ɗan matashin allura: baƙi, fari, ja, shuɗi, har in cika shi ya koma kamar tambarinku. Ita kuma ta sa a jaka ta tafi shago, duk wadda ta ƙare ta zaro wata. Ba wanda ya sani a shagon. Ita ma kanta, a hukumance, ba ta sani ba. Ba ta taɓa cewa "zura mini" ba. Abin da take cewa shi ne, "Zo in ga ko ka iya." Shekaru ke nan tana gani ko na iya. Har yau ban ci jarrabawar ba, kullum sai an sake.

Ban yi ƙorafi ba. Yatsuna sun saba, har ina iya zurawa ina karatu. Da haka muka ci gaba da rufa wa juna asiri, ni da ita da ku, sai ranar fil.

Na huɗu, ranar fil. Wata kwastoma ta zo karɓar rigar amarya, ta tsaya a kan Umma, ta ce ta canza ra'ayi, duwatsun wuya da zare ruwan zinariya take so a ɗinke su. Ranka ya daɗe, babu ruwan zinariya a matashin da na cika. Umma ba ta nuna komai ba. Ta sa hannu a gwangwanin allurai na shago ta zaro ɗaya, ta yanko zare, ta lasa. Ta miƙa hannu. Ta ƙara miƙawa har hannun ya ƙare, don shi ma hannun, in ba ka sani ba, an rage masa tsayi. Ta rufe ido ɗaya. Ta juya wa taga baya, ta sake juyowa. Zaren ya jiƙe sharkaf, ta yanke, ta sake lasa. Kekunan shagon suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta miƙe tsaye, gwiwa ta yi ƙararta, ta ɗaga abin sama yadda kowa zai gani, ta ce, "Ku shaida. Yau ko hudawar ma ba su yi ba."

Mai Shago ta taso ta karɓa. Mai Shago mace ce da Umma ta koya wa riƙon almakashi tun tana yarinya, har yau ba ta iya kallon tsakiyar idonta. Ta duba, ta sassauta murya ta ce, "Umma, fil ne."

Da wata macen ce, da ta nemi ƙasa ta tsage ta shige. Umma kuwa ko gezau. Ta ce, "To, ga shi ke ma kin gani da idonki. Sun fara zuba fil a kwalin allura." Ta naɗe shi a ƙyalle ta kawo gida a matsayin shaida. Ga shi nan na manna muku a jikin kwafin da na aiko ofishinku. Ku kula da yatsunku, shi ma yana da tsini, kafa ce kawai Allah bai ba shi ba.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Mai Shago ta zura mata zaren, Umma ta zauna ta ɗinke wuyan rigar cikin fushi da sauri, duwatsu suka zauna cif. Kwastoma ta ɗauki rigarta za ta fita, sai zanen Umma ya tashi ya bi ta. Ta haɗa su ta ɗinke, ɗinki mai ƙarfi kuwa, irin nata, wanda ba ya warwarewa da ja. An ce kwastomar ta kai bakin ƙofa tana jan mahaifiyata a baya kafin a kawo almakashi. Ina so ka san, ranka ya daɗe, cewa na yi dariya da aka ba ni labari, na fita bayan gida na yi ta har na riƙe bango. Da na dawo na tarar da Umma zaune tana shafa inda aka yanke zanen, sai dariyar ta ɗauke, har yanzu ba ta dawo ba.

Na biyar. Bayan kwana kaɗan Mai Shago ta zo gidanmu. Ta durƙusa ta gaida Umma, ta tambayi gwiwa, ta tambayi Baba, ta yabi labule, ta zagaya duniya ta dawo. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, tana kallon ƙasa: kafin wata ya ƙare, ko dai Umma ta sa tabarau, ko ta bar kujerar bakin taga ta koma teburin guga. Teburin guga yana can ƙuryar baya, ba taga, ba iska, sai tururi. Ka duba mini wannan, ranka ya daɗe. Macen da wuta ke tashi a ƙirjinta ba a kunna ba, ita za a kai a ajiye kusa da dutsen guga. Wannan ai ba canjin aiki ba ne, dafa ta za a yi.

Umma ta ce tabarau na tsofaffi ne, ita kuma idonta garau, allura ce ta lalace. Mai Shago ta tafi tana share ido. Ban ga laifinta ba, shago take riƙe da shi, kwastoma kuma ba ta zuwa don a ɗinke ta da tela.

Wanda nake ganin laifinsa ba shi da ofishin da zan rubuta wa, shi ya sa zan sauke a kanka, ka yi haƙuri. Baba yana da tabarau har uku: na karatu, na kallon nesa, da na neman sauran biyun. Yana da furfura, yana da sanƙo, yana da tumbin da ke riga shi shiga ɗaki. Me mutane ke cewa? Wai ya yi kwarjini. In ya sauko da tabarau kan hanci ya yi gyaran murya, sai ka ga ana kawo masa shawarar abin da bai san kansa ba, gini, aure, ciwon koda. Umma kuwa silin furfura ɗaya ya leƙo ta gefen ɗankwali, kwandastan bas ya ce mata, "Kaka, taka a hankali." Ta sauka daga motar nan take, ta taka da ƙafa har gida don ta nuna masa, shi kuwa ya yi gaba bai ma gani ba. Gwiwa ta kumbura, ta ce masu yin titi ne suka ƙara masa tauri. Wa ke raba wa mata wannan ƙarin girma da ba su nema ba? Jiya Anti, yau Mama, gobe Kaka, ba a tambaye ta ba, ba a ba ta wa'adi ba. Me ya sa shekarun namiji ake kiransu girma, na mace kuma a ce mata ta je ta huta? Ta huta ta yi me? Ta zauna ta kalli Baba yana neman tabaransa?

Na shida. Kada ka ɗauka mahaifiyata ba ta da wayo. Na daɗe ina ɗaukar abin taurin kai ne kawai, sai da Baba ya ba ni wani labari da ita ba ta taɓa ba ni ba. Kafin Umma, wata dattijuwa ce ke kan kujerar bakin taga, kuma ba a taɓa yin mai hannu irin nata a shagon ba. Wata safiya ta zo da tabarau. Ɗinkinta bai canza ba, sai ma ƙara kyau da ya yi. Amma kwastomomi suka fara raɗa wa mai shagon wancan lokacin, "A ba yarinyar can, idonta sabo ne." Yarinyar can ita ce Umma. Ba a jima ba dattijuwar ta koma teburin guga, daga nan ta koma gida, daga nan ba a sake jin labarinta ba. Baba ya ce ranar da Umma ta fara zama a kujerar, ta dawo gida ba ta ci abinci ba, ta ce masa kujerar da sauran ɗumin matar a jikinta.

Ka ga ke nan ta san abin da kwastoma ke karantawa a fuskar tela mai tabarau, don ita aka taɓa ba aiki saboda shi. In ta ƙi sawa, guga. In ta sa, guga, sai dai a ɗan jinkirta. Kai da kake shugaban kamfani, wanne za ka zaɓa?

Na bakwai, kuma a nan ne na gwada tawa dabarar. Na samo tabarau na ado, wanda gilashinsa bai fi na taga ƙarfi ba. Da safe na ɗauki allura, na yi ta kuskure da gangan, na yi tsaki, na zaro tabarau na sa, na zura. Na ce, "Umma, gaskiyarki ne, sun rage. Ni ma yanzu sai da wannan." Na zata za ta ce in ba ta ta gwada. Sai ta ajiye kofin shayinta, ta kama fuskata da hannu biyu, ta ja fatar idona ƙasa tana leƙawa, ta ce, "Na faɗa maka karatun tsofaffin takardun nan zai cinye maka ido. Jinin ubanka ne. Mu a danginmu ba a makancewa." Ta ɗauki jaka, ta kama hannuna, ta tsallaka titi da ni kamar ɗan yaye, duk wanda muka gamu da shi sai ta tsaya ta ba shi labari, har muka isa wurin likitan ido.

Likitan ya gwada ni, ya ce idona zai iya ƙirga ƙafafun tururuwa daga kan bene. Umma ta ce bai san aikinsa ba. Ya miƙo mini wani kati mai ƙananan rubutu, ta fizge don ta nuna masa ba mahaluƙin da zai iya karanta wannan. Ta miƙa hannu, hannu ya ƙare. Ta ce, "Auta, riƙe. Ja baya. Ƙara ja." Na yi ta ja har na tsinci kaina a waje, mai sayar da lemo yana tambayata ko lafiya.

Likitan nan dattijo ne mai wayo, ya san inda ake taɓa mutum. Bai ce mata Mama ba. Cewa ya yi, "Anti, don Allah ɗan riƙe mini wannan a hancinki, ina so in ga ko gilashin ya tsage." Saboda Antin nan ta yarda. Ya ɗora mata.

Ranka ya daɗe, Umma ta ƙifta ido sau biyu. Ta kalli katin. Ta kalli bayan hannunta, ta juya shi, ta sake juyawa. Sai idonta ya sauka a kan hannun rigarta, wanda ita da kanta ta kalmasa a makon da ya wuce. Ɗinkin yana tafiya kamar sawun kaza, wani nan, wani can. Ta bi shi da babban yatsa tun daga farko har ƙarshe. Akwai ɗan madubi a kan teburin, ta ɗauka, ta daɗe tana kallo. Sannan ta cire tabarau, ta ajiye shi a hankali kamar ƙwai, ta ce wa likita, "Ya tsage. Duk ya zazzana wa mutum layi a fuska."

A hanyar dawowa ba ta riƙe hannuna ba, ba ta ba kowa labari ba. Sai da muka kai ƙofar gida ta ce, ba ta kalle ni ba, "Ka warware mini hannun rigar nan. Zaren ne ba shi da kyau."

Na koma na karɓo tabarau ɗin, na sa mata a jaka kusa da matashin allura. Ta gan shi. Kullum da safe takan fito da gidansa, ta goge shi da gefen zane, ta ce, "Wani ya manta kayansa a jakata," ta mayar. Wata kuma yana ta tafiya.

Yanzu ga roƙona, kuma shi kaɗai ne. Ba na neman ku faɗaɗa kafar allura. Ni da kai mun san ba ku rage komai ba. Ina roƙonku ne ku amsa laifin da ba ku yi ba. Kada ka ce mini kamfani ba ya ƙarya. A sito nake aiki, kwalaye nawa na ɗaure masu cewa "sabo, ingantacce" alhali abin da ke ciki bai canza ba tun zamanin kakata? Ku ƙara guda ɗaya, wadda za ta amfani wani. Ku buga a bayan kwalinku, da manyan baƙaƙe irin na allon talla, don a iya karantawa daga ƙarshen hannu:

"Muna ba da haƙuri. Mun rage kafar allurarmu. Duk mai ɗinki, yaro da babba, ya nemi tabarau."

Sauran aikin namu ne. Na riga na yi magana da Mai Shago, ta yarda har da rantsuwa. Ranar da kwalin ya iso, ita da duk masu hawa keke za su zo da tabarau, irin nawa na ado, kowa da nasa. Kwastoma in ta shigo za ta ga shago gaba ɗaya yana ƙyalli, ba za ta iya nuna wadda idonta ya tsufa ba. Umma ce za ta sa a ƙarshe, na san ta. Sai ta karanta sanarwar da ƙarfi, ta bi kowa da kallo, ta ce, "Ai na faɗa muku." Sannan ta buɗe jaka ta ce bari ta ari na mutumin nan da ya manta kayansa. Abin da take bukata ke nan daga gare ku, a ce ita ce da gaskiya. In ta samu wannan, za ta ɗinka muku duwatsu a wuyan sauro.

Kafin in aiko da wasiƙar nan ta ce in karanta mata. Na karanta mata ƙorafi na ɗaya, na cike sauran da zagi daga kaina, tana gyaɗa kai. Da na gama ta ce, "Ka ƙara da marasa tsoron Allah." To, na ƙara: marasa tsoron Allah, cikin girmamawa. Ta kuma ce, tun da zan aika wa jarida ita ma, in ta buga in sayo mata kwafi in ajiye, za ta karanta da kanta ranar da suka gyara rubutunsu.

Ka ga inda na sa kaina. In kun ƙi roƙona, Umma za ta koma teburin guga, asirina kuma ya rufu har abada. In kun amsa, za ta sa tabarau, ta riƙe kujerarta, kuma abu na farko da za ta karanta da sabon idonta shi ne wannan wasiƙa, inda na gaya wa duniya labarin fil, da na zane, da na arba'in da ɗoriya. Na auna duka biyun a sikeli, ranka ya daɗe, aikina ke nan. Ku buga sanarwar.

Sai dai in akwai gurbin aiki a masana'antarku, can nesa, da ɗan ɗaki mai sakata ta ciki, a tuna da ni. Na iya zura zare, ko da yake har yau ba a ba ni sakamako ba.

Naka mai biyayya har ƙasa, wanda zai ci gaba da durƙuso a ƙofarka muddin tasa gwiwar ba ta fara ƙara ba,

Autan Umma,
mai ɗaure takardu da rana, mai cika matashin allura da safe.